Taimakon Baƙo a Faɗan Gida: Mas'alar Isti'ana da Tarihin Legas

Daga cikin mas'alolin da malaman fiƙihu suka daɗe suna juyawa akwai wadda suke kira isti'ana, wato neman agajin wani na waje a lokacin yaƙi, kuma reshenta mafi wuya shi ne wanda ya shafi faɗan cikin gida: shin ya halatta ga ɓangare ɗaya na mutanen ƙasa ya kirawo wata daula mai ƙarfi ta kama masa domin ya rinjayi 'yan'uwansa, ko da kuwa yana ganin shi ne mai gaskiya? Tambayar tana neman hukunci na shari'a, amma hukuncin ya rataya ne a kan fahimtar abin da yaƙin basasa yake, da kuma halin da ake so a bar jama'a a ciki idan ƙura ta lafa. Birnin Legas, wanda tsofaffin fatake suke kira Ikko, ya ga wannan al'amari a fili har sau biyu, na farko a 1851 lokacin da jiragen ruwan Ingila suka raba gardamar sarauta tsakanin Kosoko da Akitoye da bakin igwa, na biyu kuma daga 1966 zuwa 1970 lokacin da ya kasance mazaunin gwamnatin da ta yi yaƙi da Biyafara, kuma a duka lokutan biyu Hausawan da ke cikinsa da kewayensa suna daga cikin waɗanda sakamakon ya faɗa wa kai tsaye.

Zaman Hausawa a Agege ya kafu ne a kan goro da shanu da layin dogo. Jirgin ƙasan da ya tashi daga Legas ya isa Badun a 1901, layin dogo kuma ya isa Kano a 1911, kuma da gonakin goro suka yawaita a ƙasar Agege sai fataken Arewa suka sauka kusa da tasha suka kafa zango, wato unguwar baƙi 'yan kasuwa mai sarkinta da masallacinta da makarantun allonta, inda ake sayen goro a ɗaure shi a huhu a loda shi zuwa Arewa, jirgin kuma ya dawo da dabbobi. Daga baya mayankar Oko-Oba da kasuwar Mile 12 da unguwannin Idi-Araba da Obalende suka ƙara wa wannan zama faɗi. Mutumin da jarinsa da gidansa da kabarin mahaifinsa suke ƙasar Yarbawa, danginsa kuma suke Kano ko Katsina ko Sakkwato, shi ne farkon wanda tsagewar ƙasa take mayarwa baƙo a dare ɗaya, saboda haka mas'alar da wani zai karanta a littafi ya wuce, shi ta shafi kwanansa da abincinsa.

Malamai sun tarar da dalilai iri biyu a Sunna. Imam Muslim ya ruwaito cewa a kan hanyar Badar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya mayar da wani jarumi mushriki da ya nemi ya yi yaƙi tare da Musulmi, sai da ya musulunta sannan aka karɓe shi. A ɗaya gefen kuma, an san cewa wanda ya nuna hanya a lokacin Hijira, Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ, ba Musulmi ba ne a sannan, kuma a shekara ta 8 bayan Hijira an ari sulkuna daga Safwanu ɗan Umayya domin yaƙin Hunaini tun bai musulunta ba. Daga nan mazhabobi suka rabu. Malikawa, kamar yadda yake a Mukhtasar na Shaihu Khalil wanda ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, sun hana neman taimakon wanda ba Musulmi ba a fagen fama sai dai a aikin hidima, Hanafawa kuma sun halatta da sharaɗin cewa ragama ta kasance a hannun mai neman taimakon, ta yadda baƙon zai zama mabiyi a cikin rundunar, hukunci da umarni su zauna wurin masu gida.

Abin da ya fi haska mas'alar faɗan gida shi ne babin bugatu, wato Musulmin da suka fita daga ɗa'ar shugaba bisa wani tawili, suna da ƙarfi da jagora. Asalin babin shi ne aya ta 9 ta Suratul Hujurati, wadda ta fara da umarnin sulhu, ta ba da izinin yaƙar wanda ya ƙetare iyaka har ya dawo, sannan ta sake komawa ga sulhu da adalci, da kuma abin da Sayyidina Aliyu ya aikata bayan Yaƙin Raƙumi a kusa da Basra a shekara ta 36, inda ya hana bin wanda ya gudu da ƙarasa wanda aka raunata da kwasar dukiyarsu ganima. Imam Nawawi a cikin Minhaj ya kawo hukuncin Shafi'awa cewa ba a neman taimakon kafiri a kan bugatu, kuma ya haɗa shi a layi ɗaya da Musulmin da yake ganin halaccin kashe su bayan sun juya baya. Wannan haɗawar tana da muhimmanci ƙwarai, domin ta nuna cewa illar hanin, wato dalilin da hukuncin yake kewayawa a kansa, ta wuce addinin mai taimakon ta kai ga manufarsa. Yaƙin gida ana yin sa ne domin a dawo da ɗan'uwa cikin jama'a da ransa da mutuncinsa, kuma duk wanda wannan dawowar ba ta dame shi ba, hannunsa ba shi da abin da zai tsayar da shi inda ya kamata ya tsaya. Ita ma ƙasar Hausa ta taɓa yin wannan muhawara a farkon ƙarni na 19, lokacin da Muhammadu Bello da Shehu Muhammadu al-Kanemi suka yi musayar wasiƙu a kan agajin da Barno ta kai wa sarakunan Haɓe, Sakkwato tana ganinsa muwalati, wato jiɓintar abokan gaba, al-Kanemi kuma yana jayayya cewa saɓo ba ya fitar da Musulmi daga addini.

Gaskiya ne cewa Legas ta 1851 da Nijeriya ta 1967 ba daulolin Musulunci ba ne, kuma waɗanda suka yi faɗan ba bugatu ba ne bisa ma'anar fiƙihu, amma illar da malamai suka gano tana aiki a duk inda mutane za su ci gaba da zama tare bayan sun zubar da jinin juna.

A 1845 Kosoko ya karɓe sarautar Legas daga Akitoye da ƙarfin yaƙi, Akitoye ya gudu Abekuta sannan ya koma Badagiri, daga can ya nemi Ingila ta mayar da shi gadonsa bisa alkawarin zai hana cinikin bayi. Ƙaramin jakadan Ingila John Beecroft ya kawo farmaki a watan Nuwamba 1851 aka kore shi, jiragen suka dawo da ƙarfi a ƙarshen Disamba suka yi wa garin ruwan wuta, Kosoko ya fice zuwa Epe da jama'arsa, ciki har da sarkin yaƙinsa Oshodi Tapa da Musulmi da yawa, kuma ranar 1 ga Janairu 1852 Akitoye ya sa hannu a yarjejeniyar da aka kawo masa. Bai kai shekara biyu a kan gadon ba ya rasu, kuma ranar 6 ga Agusta 1861 ɗansa Dosunmu ya miƙa garin ga Sarauniyar Ingila, a lokacin da Turawan Ingila suke tsoron kada Faransawa, waɗanda ke neman gindin zama a Fotonobo, su riga su. Sharaɗin Hanafawa na cewa ragama ta zauna hannun mai gida ya rushe tun ranar farko, domin sarkin da igwar wani ta ɗora ba shi da abin da zai ce wa mai igwar.

Sai dai labarin bai tsaya a nan ba, kuma duk mai son adalci dole ya tsaya a kan ɗaya fuskar. Legas ta zamanin Kosoko babbar tashar fitar da bayi ce zuwa Bahiya ta ƙasar Barazil, kuma cikin waɗanda aka loda a jiragen nan akwai Hausawa Musulmi masu yawa da yaƙe-yaƙen jihadi da rushewar daular Oyo suka jefa hannun dillalai, har suka shahara a tawayen bayi na Bahiya tun daga 1807. Ga Bahaushen da ke ɗaure a gidan wani attajiri a Legas yana jiran jirgi, shigowar Ingila ba ta zama musiba ba, kuma babu wani malami mai tsoron Allah da zai ce masa ya yi baƙin cikin tsinkewar sarƙarsa domin wanda ya tsinka ta baƙo ne. Daga cikin irin waɗannan 'yantattu ne hafsan Ingila John Glover ya tara rundunar da aka sani da Hausawan Glover a 1863, wadda sojan Nijeriya ke ƙidayawa a matsayin tushensa. An kai su yaƙin Asante, an yi amfani da su a kan Ijebu a 1892, kuma wannan salo na ɗaukar Bahaushe soja a ƙarƙashin hafsan Bature shi ne aka faɗaɗa har aka ci Kano da Sakkwato a 1903 da rundunar da akasarin mayaƙanta 'yan ƙasa ne. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari, kuma wannan silsila, daga gardamar gidan sarautar Legas zuwa faɗuwar Sakkwato, tafsirin maganar ce. Alherin da ya samu bayin gaskiya ne, mulkin mallakar da ya biyo baya shi ma gaskiya ne, kuma abin da za a fahimta shi ne cewa zaluncin cikin gida da aka ƙi gyarawa shi yake ba baƙo hujjar da ba a iya musawa, daga nan kuma ya ɗauki abin da ba a ba shi ba. Sarkin Zazzau Kwasau ya ɗanɗana irin wannan a 1902, da ya nemi Turawa su kare shi daga hare-haren Ibrahim Nagwamatse na Kwantagora: sun zo, sun kore masa abokin gaba, ba a daɗe ba suka tuɓe shi.

Karo na biyu ya faro ne a daren 15 ga Janairu 1966, da aka kashe Sardauna a Kaduna, aka kashe manyan hafsoshin Arewa irin su Birgediya Zakariya Maimalari a Legas, aka ɗauke Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa daga gidansa, bayan kwanaki aka tsinci gawarsa a gefen hanyar Abekuta, hanyar da ta ratsa Agege. Ranar 29 ga Yuli sojojin Arewa suka yi nasu juyin, suka taru a barikin Ikeja, maƙwabciyar Agege, kuma abin da da yawansu suke nema a kwanakin nan shi ne araba, har an fara kwashe iyalansu a jirgin sama zuwa Arewa. Cikin waɗanda suka shawo kansu, ban da manyan ma'aikatan gwamnati, akwai jakadan Ingila Francis Cumming-Bruce da na Amurka Elbert Mathews, waɗanda suka nuna musu cewa Arewa maras teku ba za ta samu goyon baya ba idan ta ɓalle. Wannan ma shisshigi ne, kuma maslahar ƙasashensu suke karewa, amma da Arewa ta raba gari a wancan mako, da Hausawan Agege da Idi-Araba sun wayi gari 'yan wata ƙasa a cikin garin da ke cike da fushi. Bambancin wannan da igwar 1851 shi ne cewa shawara tana barin zaɓi a hannun mai ji, kuma shari'a ba ta hana karɓar magana mai amfani daga kowane baki ba.

Bayan kashe-kashen da aka yi wa Ibo a garuruwan Arewa a watannin Mayu da Satumba da Oktoba na 1966, da rushewar yarjejeniyar Aburi ta Janairu 1967, shugaban gwamnatin soja Yakubu Gowon ya ƙirƙiro jihohi 12 ranar 27 ga Mayu, gwamnan Gabas Odumegwu Ojukwu ya ayyana Biyafara ranar 30, aka fara harbi ranar 6 ga Yuli. A watan Agusta dakarun Biyafara suka ratsa Jihar Tsakiyar Yamma suka kai Ore a kan hanyar Legas, a watan Oktoba kuma wani jirgin fasinja da suka mayar na jefa bam ya tarwatse a sararin samaniyar birnin. Amurka ta ƙi sayar wa kowane ɓangare makami, Ingila ta yi jinkiri ta kuma ƙi ba da jiragen yaƙi, sai gwamnatin Gowon ta juya ga Tarayyar Sobiyet, jiragen MiG suka sauka a Kano a watan Agusta 1967, matuƙa daga Masar suka hau su. Daga nan gwamnatin Harold Wilson ta Ingila ta buɗe hannu da harsasai da motoci masu sulke, kuma ɗaya daga hujjojin da ta riƙa bayarwa shi ne cewa idan ta janye za ta bar wa Mosko fili, ga kuma rijiyoyin man kamfanin Shell-BP da take tsaro. Faransa ta Shugaba de Gaulle, wadda Nijeriya ta taɓa korar jakadanta a 1961 saboda gwajin bam ɗin nukiliya a Sahara, kuma take ganin girman Nijeriya barazana ne ga tsoffin ƙasashen da ta mallaka, ta fito ranar 31 ga Yuli 1968 da sanarwar goyon bayan 'yancin Biyafara na zaɓar makomarta, makamai suka riƙa bi ta Gabon da Kwaddibuwa. Fotugal, mai riƙe da mulkin mallaka a Angola da Mozambik da Gine-Bisau, ta buɗe wa Biyafara Lisbon da tsibirin Sawo Tome. Ke nan Landan da Mosko, abokan gabar Yaƙin Cacar Baka, suna gefe ɗaya suna gasar neman shiga, Landan da Paris kuma, ƙawayen juna a Turai, suna ɗaure wa ɓangarori biyu gindi, abin da ya isa shaida cewa aƙida ba ita ke jan akalar al'amarin ba.

Kowane yaƙi yana da iyakar da ke cikin jikinsa, wato ƙarewar harsashi da kuɗi da matasa da kuma fatan nasara, kuma wannan gajiyar ita ce takan kai masu faɗa teburin sulhu ko da zukatansu ba su huce ba. Babbar ɓarnar mai kawo makami daga waje ita ce yana ɗauke wannan iyaka. Zuwa watan Satumba 1968 Biyafara ta rasa Inugu da Kalaba da Anaca da Fatakwal da Aba da Owerri, ba ta da teku, ba ta da babban filin jirgi sai wani yankin titin mota a Uli da ake sauka a kai cikin dare, kuma a daidai wannan lokacin ne makaman Faransa suka ƙaru, har ta sake karɓe Owerri a watan Afrilu 1969, yaƙin ya ƙara fiye da shekara guda bayan wancan Satumba, kuma yunwar da ta riga ta kama yara ta ci gaba da cin su. Faransa ba ta taɓa amincewa da Biyafara a matsayin ƙasa ba, duk da cewa Tanzaniya da Gabon da Kwaddibuwa da Zambiya sun yi hakan a 1968, Haiti ta bi su a 1969. Abin da ta bayar ya isa a ci gaba da yaƙi, bai isa a ci nasara ba. A ɗaya gefen, tabbacin cewa makaman Ingila da Sobiyet ba za su yanke ba ya rage wa Legas dalilin sassautawa a kan hanyoyin kai abinci, kuma jiragen da baƙi ke tuƙawa sun sha jefa bam a kasuwanni da asibitoci, wurin mutanen da gwamnati ke cewa 'yan ƙasarta ne take son dawo da su. Ƙiyasin waɗanda suka mutu ya bambanta, daga rabin miliyan zuwa miliyan biyu ko fiye, akasarinsu fararen hula da yunwa ta kashe.

Ba daidai ba ne a fahimci wannan bayani a matsayin cewa ɗan gida ya fi baƙo tausayi. Waɗanda suka kashe maƙwabtansu Ibo a Kano da Zariya da Jos a 1966 'yan gida ne, waɗanda suka harbe ɗaruruwan maza fararen hula a Asaba a watan Oktoba 1967 sojojin tarayya ne, kuma hukuncin Sayyidina Aliyu game da wanda ya ajiye makami ya hau kansu kafin ya hau kan kowane Bature. Wannan ne ma ya sa hujjar larura, wato halin matsi da ke halatta abin da aka hana, take da nauyi a bakin mutanen Gabas: wanda ya ga an yanka danginsa, ya kuma yi imani cewa shafe su ake son yi, zai kama duk hannun da aka miƙo masa, kuma mai zarginsa dole ya fara da zargin wanda ya jefa shi cikin wannan tsoro. Amma malamai sun gindaya cewa larura ana auna ta ne gwargwadon buƙata, kuma tana halatta abin da zai tsirar da rai, kuma a nan ne tambaya take komawa kan shugabannin Biyafara, waɗanda suka ga ƙasarsu tana ƙanƙancewa wata bayan wata, suka ci gaba da jingina da alkawarin wanda bai taɓa nufin ya kai su gaci ba.

Saboda haka ya kamata a rarrabe nau'o'in taimakon waje maimakon a yi musu hukunci ɗaya. Mafaka halal ce ba tare da jayayya ba, domin Sahabbai sun fake wurin Najjashi, sarkin Habasha Kirista, ba su kuwa roƙe shi ya aika runduna Makka ba. Abinci da magani wajibi ne a bar su su wuce, ko da yake abin da ya faru a Uli ya nuna yadda ake gurɓata su, tunda jiragen ƙungiyoyin coci da na Red Cross suna sauka a titi ɗaya da dare ɗaya da jiragen makamai, har jirgin yaƙin tarayya ya harbo na Red Cross a watan Yuni 1969. Laifin gurɓatawar yana kan wanda ya ɓoye bindiga a bayan buhun madara, da kuma wanda ya mayar da yunwa makami. Sulhu shi ne mafi daraja, kuma misalinsa shi ne Shugaba Diori Hamani na Nijar, wanda ya karɓi baƙuncin tattaunawar Yamai a watan Yuli 1968 ƙarƙashin kwamitin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, ya kuma ƙi bin Faransa duk da dogaron ƙasarsa a kanta. Shi ma yana da maslaha, domin kasuwannin Maraɗi da Damagaram suna numfashi ne ta Kano da layin dogon da ke kaiwa Legas, amma maslaharsa tana cikin ƙarewar yaƙin, kuma wannan shi ne ma'aunin da ya fi kowane amfani: a duba ko mai taimakon zai yi asara idan faɗan ya daɗe.

Ma'aunin addinin mai taimako shi kaɗai yana yaudara. Farfagandar Biyafara, wadda kamfanin Markpress ya riƙa yaɗawa daga Janeba, ta nuna wa Turai yaƙin a matsayin farmakin Musulmi a kan Kirista, alhali Gowon Kirista ne ɗan mai wa'azin bishara da ya tashi a Wusasa, kuma da yawan mayaƙan tarayya Kiristoci ne daga Binuwai da Filato da ƙasar Yarbawa. Irin wannan fenti yana jawo kuɗi da tausayi daga nesa, amma wanda yake biyan farashinsa shi ne ɗan tsiraru a kowane gari. Tarihin Musulmi da kansa ya isa gargaɗi, domin al-Mu'utamid sarkin Ishbiliya ya kirawo Yusufu ɗan Tashfin, Musulmi Bamalike, suka ci nasara tare a Zallaƙa a 1086, bayan shekara biyar mai taimakon ya tuɓe shi ya tura shi Agmat inda ya mutu a tsare, kuma yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu 2023 tsakanin soja da dakarun Hamidti, ƙasar da Hausawa masu yawa suke zaune tun hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi, masu ɗaure wa ɓangarorinsa gindi akasarinsu ƙasashen Musulmi ne.

Ranar 15 ga Janairu 1970 Philip Effiong na Biyafara ya miƙa wuya a barikin Dodan, Gowon ya yi afuwa ga mayaƙan Biyafara, bai kafa kotun ɗaukar fansa ba, kuma wannan mataki, wanda ya fi kusa da ruhin babin bugatu fiye da komai a yaƙin, daga cikin gida ya fito. Nauyin da ya rage ya faɗa wa 'yan ƙasa, musamman Ibo da aka ba fam 20 kacal a madadin ajiyarsu ta banki, da waɗanda suka rasa gidajensu a Fatakwal. Masu makamai kuwa babu wanda ya yi asara: man ya ci gaba da gudana, Sobiyet ta samu kwangilar ƙarafa ta Ajakuta, kamfanin Peugeot na Faransa ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975.

Mas'alar tana da ƙaramar siffa da mazauna zango suka sani a jikinsu. Da rikici ya ɓarke tsakanin Hausawa da Yarbawa a Shagamu a watan Yuli 1999, ramuwar da aka yi a Kano a kan Yarbawan da ba su san hawa ba ba su san sauka ba an yi ta ne da sunan kare 'yan'uwa na Kudu, amma waɗanda suka yi ta sun koma gidajensu sun kwana lafiya, Hausawan Legas kuma suka shiga watannin da suka kai ga rikicin Ketu a Nuwamba na wannan shekara da na Idi-Araba a Fabrairu 2002. Mai taimakon a nan ɗan'uwa ne na jini da harshe da addini, duk da haka illar da Shafi'awa suka ambata ta same shi, domin ba shi ne zai buɗe shago gobe kusa da wanda aka kashe wa ƙane ba. Da aka sake yin faɗa a Mile 12 a watan Maris 2016, gwamnatin jiha ta rufe kasuwar, kuma ba a buɗe ta ba sai da shugabannin 'yan kasuwa da na unguwannin da abin ya shafa suka zauna suka amince da sharuɗɗa, saboda dukkansu tumatirinsu da albasarsu ne ke ruɓewa a cikin motoci.